Ƙoƙon bayan kunkurun ruwan yarana ya yi laushi, me zan yi?

Tambaya: Salam likita. Ina zaune a Agege, na saya wa yarana ɗan kunkurun ruwa mai jan zane a gefen kai, yana cikin roba a falo kusa da taga, muna ba shi busasshen kirefish da ɗan burodi. Kwanan nan in na danna bayansa sai ya loɓa, ga wani abu kamar ɓawo yana ɗayewa. Wani ya ce in shafa masa man zaitun, ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Man zaitun dai a bar shi a kicin, ba abin da zai ƙara sai riƙe datti a jikin ƙoƙon. Irin da ka kwatanta ɗan kudancin ƙasar Amurka ne, wajajen kogin Misisipi, kuma in ya samu kula yana haura shekara 20, macen ma tana kai kusan santimita 30, don haka robar nan ba za ta daɗe tana ɗaukarsa ba.

Ƙoƙon bayan nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin taɓawa. In jariri ne sabon ƙyanƙyasa ɗan laushi ba komai ba ne, amma wanda ya yi watanni yana loɓawa to kalsiyam ya yi ƙaranci a jikinsa, kuma abin da mutane ba sa ganewa shi ne ko ka cika shi da kalsiyam ba zai shiga ƙashi ba sai da bitamin D3, shi kuma D3 fatarsa ce ke haɗa shi idan hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya taɓa ta. Gilashin taga yana tare UVB. Wato hasken da kake gani yana shigowa falo, a wajensa kamar babu.

Mu da ke Legas rana kyauta ce, ni na fi son ta a kan kwan fitilar UVB, ga tsada ga NEPA ba tabbas, ga shi yana buƙatar canji duk wata 6 zuwa 12 ko da yana ci gaba da haske. Ka fitar da shi da hantsi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, amma don Allah rabin robar ya kasance a inuwa kuma wani ya tsaya a wajen, ruwa kaɗan cikin roba yana zafi da sauri har ya kashe shi, ga maguna da ɓeraye.

Sai wurin shanya. Ka sa masa faffaɗan dutse ko katako da zai hau ya bushe ƙaf har cikinsa, wurin ya kai kamar digiri 30 zuwa 35, ruwan kuma 24 zuwa 28. Da damina da komai ke danshi a garin nan wannan ya fi muhimmanci.

Ɓawon da ke ɗayewa, ka ɗauki ɗaya ka ɗaga shi a haske. In siriri ne kana hango yatsanka ta ciki, ƙasansa kuma da ƙarfi sumul, saɓa ce ta girma, kar dai ka ɓanɓare da farce. In ko akwai ƴan ramuka, ko fari-fari mai taushi, ko ja-ja, ko wari, ruɓewa ce daga ƙazamin ruwa, sai likitan dabbobi, kar a ɓata lokaci da dabarun gida.

Burodi a daina kwata-kwata, kirefish ya zama na marmari. A nemi abincin kunkuru na gwangwani a shagon masu kifin ado, a haɗa da ƙananan kifi da ƙayarsu, ƙananan dodon koɗi da ɓawonsu, da ganye mai duhun kore irin latas. Ɓawon ƙwai dafaffe a daka shi lukui a barbaɗa kaɗan. Tunda ba filta mai tace ruwa a riƙa canza ruwan kullum ko bayan kwana 2.

Tunda har ya fara loɓawa ina so likita ya duba shi cikin satin nan, musamman in ya rage ci ko ƙafafun baya ba ƙarfi. Yara kuma su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela, kuma kar a wanke robarsa inda ake wanke kwanuka.