Amsar Yaya ga Auta: ɗaurin arme a duwatsun Abzin

Salamu alaikum ƴan gida, ina wuninku, ina gajiya. Auta, na saurari muryarka tun da hantsi, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Na ga ƴan'uwanka duk sun bi ka da dariya, ba wanda ya tsaya ya ba ka amsa ta gaske. To ni zan ba ka, amma za ta yi tsawo, wanda megarshi ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Abin da na ji ka ce shi ne, kai da yarinyar nan kun ga bidiyon Turawa suna hawa dutse su biyu da mai hoto, a ɗaura musu aure can, ba taro ba hidima. Kuna son irin haka a duwatsun Abzin, mutum goma kawai. Har ka ce in tsofaffi sun ƙi, ku tafi Agadas ku samu malami ya ɗaura, in kun dawo a ji. Wannan ta ƙarshen ita ce ta tsaya mini a rai, da ita zan fara.

Auta, ka yi Risala a makarantar Malam kamar yadda munka yi. A babin aure ƙarara anka ce babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Waliyyin yarinyar nan ubanta ne, yana raye, yana nan cikin Maradi. Duk malamin kirki da ka samu a Agadas, kafin ya tambaye ka sunanka zai tambaye ka ina waliyyinta. Wanda bai tambaya ba kuwa, kai ma ka guje shi. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya auren da anka haɗa baki a ɓoye shi raba shi ake yi. Umarnin da ya zo shi ne a bayyana aure, a yi walima ko da da akuya guda ce.

Bar ma maganar littafi. Ka dubi ita yarinyar. Kai namiji ne, in ka yi haka wata biyu za a yi ana fushi da kai, Inna ta huce, a ce ƙuruciya. Ita fa? Ranar da kunka samu saɓani, kuma za ku samu, ba auren da ba a samu, gidan wa za ta nufa? In ta yi yaji, wa za ka je wurinshi biko? Matar da danginta ba su bayar da ita da hannunsu ba, ba ta da bakin kai ƙara, kowa zai ce mata ai ke kika kai kanki. Har ɗiyanta sai an goranta musu wata rana a bakin famfo. In kana sonta kamar yadda kake faɗi, kada ka fara da raba ta da gatanta. Wannan magana na rufe ta, kada in sake jin ta ko da wasa.

Yanzu ga abin da ya ba ni dariya ni ma. Su Turawan da ka gani, ango da amarya su ne ke tsayawa su yi wa juna alkawari da bakinsu, shi ya sa duk inda sunka je auren ya bi su. Mu kuwa a ɗaurin armenmu ba a ma bukatar ku biyun. Wakilinka ne zai nema, waliyyinta ya bayar, a faɗi sadaki a gaban jama'a, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, a raba goro da dabino. Ita amarya tana can ƙuryar ɗaki da lalle a ƙafa, kai kuma ko kana Yamai an ɗaura. Ke nan in ka ce sai a kan dutse, ba ku za ku hau ba, Baba da Kawu da surukinka da Liman za ka ɗora bisa jakai. Kawu da gwiwar nan tashi! Ka kuma lura, abin da kake nema, wato ɗan ƙaramin abu mai albarka ba almubazzaranci, shi ne fatihar da ake yi a ƙofar gida da safe. Ba ta kai rabin awa ba an watse.

Abin da ke tsorata ka biki ne, kuma a nan ina bayanka. Baliz, wato akwatunan lefe, da inifom kala-kala, hayar rumfa da kujeru, masu kiɗi, maroƙa, abincin kwana da kwanaki, su kuma can gidan amarya kayan ɗaki da gara. Na ga gidajen da sunka sayar da fili don kwana uku. Tun zamanin Janar Seyni Kunce hukuma da malamai ke yunƙurin rage tsadar aure a ƙasar nan, har yau ba ta ragu ba. Amma akwai abin da ku maza ba ku cika ganewa ba. Biki bashi ne. Shekara da shekaru Inna na ɗaura zane ta tafi Bagalam, ta tafi Mokoyo, ta tafi Tsibiri, duk wadda ta aurar ko ta yi suna sai ta kai mata ɗan abin da ya samu. Kowa na riƙe da lissafin a ka. Ranar aurenka ita ce ranar da za a mayar mata, kuma kai ne auta, bayanka ba wani. In ka ce ba biki, ba hidima kawai ka soke ba, ranarta ka ƙwace. Haka uwar yarinyar, ita ma tana jiran tata.

Don haka kada ka tunkare su da ba ni son biki. Ka ba iyaye mata wuni guda cif, su tara ƙawayensu, a yi lalle, a yi wankan amarya, a kai ta ɗakinta. Abin da za ka yanke shi ne na ɓangarenku na samari: casun dare, jerin motoci a gari, inifom na abokai, ɗakin taro na haya. Nan kuɗin ke nutsewa, kuma ba tsohon da zai yi fushi don an bar shi, sai ma su sa maka albarka. Kuma ba kai za ka faɗa wa Inna ba, Gwaggo za ka samu da goronta, ita ta san ta inda ake shiga.

To bari in sha ruwa, sai mu hau dutsen.

Yauwa. Bayan an kai amarya an huta, ku ɗauki hanyarku ku biyu, matarka ce, ba mai tambayar ku. Nan ne shawararka ta yi kyau, don Abzin wuri ne da ya cancanci a gani. Zaman da munka yi a Agadas lokacin da aiki ya kai maigidana can, shi ya sa nake ce maka haka. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana can a tsaunin Bagzan, mita 2022. Gabashin duwatsun da wani yanki na hamadar Tenere hukuma ta keɓe su tun 1988, fili ne da ya haura hekta miliyan 7, UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan kuma ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen wancan lokaci. Ma'aikatan gandun daji ke kula da shi. Ba a farauta, ba a sare itace ɗanye, kuma don Allah kada ku je ku kankare sunanku da zanen zuciya a jikin dutse. Akwai zanen mutanen da na dubban shekaru a duwatsun yankin, kamar raƙuman dawan Dabus da ke wajen hanyar Arlit, babban ya fi mita 5. Kallo ake yi, ba a taɓawa.

Ni dai in shawarata za ka bi, Timiya za ku, ba Bagzan ba. Bagzan mota gindin dutse take kai mutum, sauran da ƙafa da jakai, awoyi ana hawa, ga amarya da ba ta gama warware gajiyar biki ba. Timiya kuwa gari ne a cikin kwari, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, ka yi ta tafiya cikin tsakuwa da rana sai kawai ka faɗo cikin garake kore shar. Lemu, rumman, dabino, har inabi. Za ka ga raƙumi na jan guga daga rijiya yana kai da komo, ruwa na bin ƴan hanyoyi zuwa gindin itatuwa. Akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa, ba nisa da gari, yana da ƙarfi bayan damina, in rani ya yi nisa sai ya ragu. Akwai kuma tsohon barikin Faransawa a bisa tudu, daga can ana hango garin duka. In hoto kuke so, wurin ke nan, ku hau da la'asar sakaliya.

Hanya kuwa doguwa ce, kada bidiyo ya ruɗe ka. Daga nan ko ka bi ta Tawa da Abalak, ko ka zaga ta Damagaram da Tanut. Babbar motar fasinja za ta kai ku Agadas, amma ka ba tafiyar wuni guda cur, wani lokaci har da dare, don kwaltar ta ci duniya. Ku kwana biyu a Agadas ku huta, ku ga babban masallaci mai hasumiyar laka mita 27, wanda asalin gininshi tun wajen 1515 ne, da fadar Sarkin Abzin. Tsohon garin shi ma UNESCO ta karɓe shi a 2013. Daga Agadas zuwa Timiya ya haura kilomita 200 kuma ba kwalta, sai katkat, motar shiga jeji, da direban da ya san ƙasar. Kuɗin da ya fi yawa nan zai tafi, don hayar motar ta kwana ce, mai naka, ɗan jagora naka. Ka tambayi farashi tun kana Maradi, ka aje wasu jikkuna na ko-ta-kwana a aljihun da ba ka taɓawa.

Sai maganar tsaro, wadda ba ni son ka ɗauke ta da wasa. Tun da anka samu zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014 hanyoyin arewa sunka cika da motoci da kuɗi, masu tare hanya ma sunka ƙaru. Akwai kuma wuraren da anka binne nakiyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, shi ya sa ba a sauka daga sawun da motoci ke bi don a yi yanke. Labarin wata uku da sunka wuce ba shi da amfani, na makon da za ku tashi ake nema. In kun isa Agadas ka je wurin jandarmomi ka tambaya, ka faɗi inda za ku da ranar dawowa. In sun ce a jira, a jira. In sun ce a'a, ku ci kilishi da cuku a cikin gari ku sha shayin Buzaye ku dawo, ba a yi asara ba. Kada ku yi tafiyar dare, kuma ya fi kyau ku bi ayarin motocin ƴan garin. Rezo yana ɗaukewa da zarar kun yi nisa, ka sanar da mu tun da wuri kada Inna ta kwana bisa sallaya.

Lokaci ma ka zaɓa. Damina ba ta yi ba, daga Yuli zuwa Satumba ruwa na iya sauka a kan dutse can nesa, ƙoramar da take busasshiya ta cika cikin ɗan lokaci ta tare hanya, har mota tana ja. Bazara kuwa ba sai na faɗa maka ba. Disamba da Janairu lemu ya nuna, amma sanyin can ba irin namu na bakin Gulbi ba ne, a saman Bagzan har ruwa na daskarewa da dare, ga hazo da ke ɓata hoto. Nuwamba ta fi mini, ka ga ta zo daidai da kaka, lokacin da ake ta aure a nan. Ku ɗauki barguna masu kauri, takalmin da ya rufe ƙafa, man shafawa don fata na tsagewa, da magungunanku, don asibiti na da nisa.

Mutanen wurin musulmi ne masu kunya da karamci, da yawansu suna jin Hausa. Ku fara da gaida mai gari da liman. Kada amarya ta fito da rigar hoton nan mai buɗaɗɗen baya a tsakiyar ƙauye, ta sa lafaya ko atamfarta da mayafi. Kada a ɗauki hoton matan mutane sai an nemi izini. In kana son wani abu mai kama da abin da ka gani a bidiyo, ka sayi ɗan akuya a can, a gasa, ka kira liman da dattawan gari da masu masaukinku, a ci a yi muku addu'a. Ka ga walima ce ta halal, a gindin dutse, mutum goman da kake so.

Au, na kusa mantawa. Kafin ku tashi ku je meri, wato ofishin magajin gari, da shaidunku a rubuta auren a ba ku takarda, kada ka ce sai an dawo. Shingayen bincike na da yawa a hanyar, masauki ma wani lokaci sai sun tambaya, ka riƙe ta tare da katinku na ɗan ƙasa ku biyun, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

Ran Juma'a bayan la'asar zan shigo gida, ka same ni can mu wuce wurin Gwaggo tare. Goron kai za ka sayo, fari, manya. Ku gaida yara, sai da safe.