Tambaya da Amsa: Yadda birane suka cika a zamanin masana'antu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a nan Maradi. Ɗalibaina sun tambaye ni: inji ne ya jawo mutane birni a Turai, ko yunwa ce ta koro su daga ƙauye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun sun yi aiki. Da fari, masaƙun auduga a bakin kogi ake gina su, don ruwa ke juya injin. Da injin tururi mai cin kwal ya yaɗu, sai masu dukiya suka tattara masaƙunsu inda kwal da ma'aikata suke. Mancesta ta Ingila tana da mutum wajen 75,000 a 1801. Zuwa 1851 ta haura 300,000. Ƙidayar 1851 ɗin ta nuna fiye da rabin mutanen Ingila a birane suke.

Ta gefen yunwa, a ba su labarin Ailan. Daga 1845 cuta ta kama dankalin da talaka ya dogara da shi, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar zuwa Ingila da Amurka. Daga baya jirgin ruwa mai tururi ya rage tafiyar teku daga fiye da wata guda zuwa ƙasa da mako biyu. Tsibirin Ellis, mashigar baƙi a New York ta Amurka, shi kaɗai ya karɓi baƙi kimanin miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954. Kuma ba kowa ke tafiya kara zube ba: wanda ya riga ya je shi ke aiko kuɗin jirgi, ya nema wa ƙanensa ɗaki da aiki, kamar yadda mai masauki ke yi wa ɗan garinsu a zango.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce daga unguwar Zariya. Na karanta cewa a lokacin yaran birni sun fi na ƙauye mutuwa. Me ya jawo haka?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne, kuma nan ne zancen ya fi shafar mu. Mutane sun riga ruwan sha da magudanai isowa. Magina sun jera gidaje baya da baya, iska ba ta ratsawa, iyalai da dama na haɗa masai ɗaya, wasu ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana. Ramin masai yana tsiyaya, rijiya tana kusa, sai ƙazanta ta dawo cikin randa.

A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya sa su a taswira, ya ga sun taru ne kewaye da famfon titin Broad. Aka cire hannun famfon. Bincike ya gano tsohon ramin masai kusan mita ɗaya da rijiyar famfon. Hukuma ba ta zabura sosai ba sai a 1858, da warin kogin Thames ya addabi ƴan majalisa. Sannan aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin manyan magudanan birnin.

Ga abin da za ki gaya wa masu sabon gini. Ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, kuma ya kasance a gangare, ba a tudun da ke zubo mata ba. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina, ba da rani ba. Nan mutane suka fi kuskure, musamman a kwarin gulbi inda ruwa ke kusa. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a ware mata guga ɗaya da ba a ajiye shi ƙasa. In ga-ruwa ke kawo ruwa, a tambayi inda ya ɗebo. Wajen yanka filaye kuma, a fitar da titi da hanyar ruwa kafin a aza tubali. Rushe gida bayan an shiga ya fi komai wuya.

Tambaya: To Maradi ma haka ta girma? Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

Amsa: Alhaji, akwai kama, akwai bambanci. Maradi gyaɗa da fatauci da Katsina da Kano suka raya ta, fari na 1973 da 1984 kuma ya turo mutanen karkara. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi garin daga kwari zuwa tudu, aka fitar da tituna miƙaƙƙu. Bambancin shi ne a Mancesta masaƙa na jiran baƙo da albashi, komin ƙanƙantarsa. Namu baƙon dako ko talla ko kabu-kabu yake samu, aikin da harajinsa kaɗan ne, alhali da haraji magajin gari zai haƙa magudanai. Shi ya sa muke ganin sarrafa gyaɗa da fata da wake a nan gida ya kamata Alhazan garin su zuba wa jari.