Tambaya da Amsa: Neman ɓoyayyen akwati a tsoffin sansanonin yaƙi na bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Faransa, abokaina 'yan aji sun matsa sai na bi su wani wasa wai shi jiyokashin, za mu je bakin tekun Nomandi cikin tsoffin gidajen kankare na sojan Jamus mu nemo akwatin da wani ya ɓoye. Ni dai abin ya ɗaure min kai, wane irin wasa ne wannan, kuma ba haɗari? Kar mutum ya je ya taka bam a banza. Daga wani mai karatu a birnin Kan.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je, amma tsaya ka ji.

Wasan ba wani abu ba ne mai wuya. Wani ya ɓoye ɗan akwati, ya sa lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka buɗe manhaja a waya ka bi har ka gano shi, ka sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, in ka ɗauki wani tarkace ka ajiye wani a madadinsa, ka mayar yadda ka same shi. Shi ke nan, ba kuɗi ba kyauta. Ya faro ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, washegari wani Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon don ya gwada ko za a gano. Yanzu akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

To wurin da za su kai ka shi ne abin kallo, akwatin hujja ce kawai. Waɗancan gine-ginen ɓangare ne na Katangar Atlantika da Hitila ya sa aka gina don tsaron bakin teku a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, tun daga Norway har iyakar Faransa da Sifen, kuma yawancin waɗanda suka zuba kankaren nan aikin dole aka sa su, ba da son ransu ba. Ka riƙe wannan a ranka in ka ga mutane na ta selfi. In kun isa Longues-sur-Mer za ka ga ɗakuna 4 na manyan bindigogi, har yau bindigogin milimita 150 na nan sun miƙa baki wajen teku, ƙofa ƙarama, bango mai kaurin da in ka shiga sai ka ji sanyi ko da rana ake, ƙarfen rufi duk ya yi tsatsa yana zubar da jan ruwa. A Pointe du Hoc kuwa, inda sojan Amurka suka hau gaɓar dutse mai kusan mita 30 ranar 6 ga Yuni 1944, ramukan bam na nan birjik har yanzu ciyawa ta rufe su.

Maganar bam. Wuraren da aka buɗe wa jama'a an share su tuntuni, amma fa teku ba ya gama amayar da abin da ya haɗiye. A Denmark sai 2012 aka kammala kwashe nakiyoyin da suka rage a yankin Skallingen, ka lissafa shekarun da kanka. Saboda haka duk wani ƙarfe mai tsatsa da ka gani a yashi, ko ya yi kama da gwangwani, kar ka taɓa, kar ka shura, ka matsa ka kira 112, lambar agajin gaggawa. Abin da zai taimake ka shi ne dokar wasan kanta ta hana binne akwati, don haka in ka ji zuciyarka na cewa ka tona, to ba nan yake ba. Abin dariyar ma shi ne 'yan wasan na son ɓoye kaya cikin tsohon akwatin harsashi don ba ya shan ruwa, an sha kiran masu kwance bam a kan irinsu, shi ya sa ake manna masa takardar da ke nuna na wasa ne. Ba ka ga takarda ba, ka bar shi.

Ni a ganina ma ba bam ne ya fi kamata ka ji tsoro ba, ruwa ne. Tekun wajen na janyewa ya dawo sau biyu a rana, kuma wasu gine-ginen ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsu sun gangaro sun karkace a cikin yashi, da safe ka taka da ƙafa ka shiga, bayan 'yan awanni ruwa ya zagaye ka kana can kana leƙen rami da fitilar waya. Ka duba jadawalin cikowar teku kafin ku fita, ka sa takalmi mai ƙarfi saboda rodi da ke leƙowa daga fasasshen kankare, kar ka matsa bakin gaɓa don wayarka ta ce saura mita 3, GPS na kuskure da fiye da haka. A manhajar kowane akwati na da maki 1 zuwa 5 na wahalar wurin, sabon shiga ya tsaya a 2.

Sai jemagu, su ne masu gidan yanzu. Suna barcin hunturu a irin waɗannan ɗakuna masu duhu, in an tashe su sukan mutu don kitsen da suka tara ya ƙare kafin bazara. A Jamus doka ta hana shiga irin maɓoyarsu daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris, a Faransa ma dabbobi ne da doka ta kare. In ka ga an sa ƙofar ƙarfe ko allon hani, ka tsaya a waje ko abokanka sun ce ba komai. Ka tafi da biro kuma, sau da yawa na cikin akwatin ya bushe.