Me ake zubawa a koktel?

Malam, ka tambaya me masu haɗa koktel, wato abin sha na haɗe-haɗe, ke zubawa, kuma ko za a iya yi ba giya. Yawancin haɗin ƙafa uku gare shi: mai ƙarfi, mai tsami, mai zaƙi. Mai ƙarfin shi ne barasa irin su ram da ake yi da rake, jin, bodka ko wiski. Tsamin lemun tsami ne, a matse shi nan take, don na kwalba ɗanɗanonsa a mace yake. Zaƙin kuwa ruwan sukari ne: kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwan zafi, a juya har ya narke.

Sai 'yan ƙari: ruwan soda, tonik mai ɗan ɗacin kwinin, giranadin na rumman mai ba da jan launi. Kada ka raina ƙanƙara, ita ce ke sanyaya haɗin ta kuma sassauta shi.

Ba giya? Sosai ma. Misali koktel ɗin Mojito na ƙasar Kuba, ka cire ram, ka murza na'a-na'a a hankali da lemun tsami da sukari, ka cika da soda. Amma ka kula da Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ake ɗiga wa koktel: ɗigo biyu ake sa wa, sai dai barasarta ta haura kashi 44 cikin ɗari.