Gaɓoɓi nawa ne a kalmar "chambear"?

Tambaya: Malam, ina koyon Sifaniyanci, kuma ina yawan jin kalmar chambear a bakin 'yan Meksiko. A rubuce kamar gaɓa uku nake gani, amma kunnena biyu yake ji. Wanne ne daidai, kuma wace gaɓa ake dannawa?

Amsa: Malama, kunnenki bai yaudare ki ba, amma a ƙa'ida gaɓa uku ce: cham-be-ar.

Aikatau ne na hirar yau da kullum a Meksiko da Peru da wasu ƙasashen Amurka ta Tsakiya, ma'anarsa yin aiki. Daga suna chamba, wato aiki, aka ƙera shi: an cire wasalin ƙarshe aka liƙa ɗafa-ƙeyar -ear. Da ita ake ƙera yawancin sababbin aikatau, irin su chatear da tuitear, don haka abin da kika gane a nan zai yi miki amfani a kansu duka.

Gaɓar farko ba ta da wahala. Ch sauti ɗaya ne, daidai da c ɗinmu na "ciki", ba a raba shi. M da b kuwa rabuwa suke yi, kamar a tam-ba-ya.

Gardamar tana tsakanin e da a. Sifaniyanci ya kasa wasulansa gida biyu: a, e, o masu ƙarfi, i da u raunana. Idan masu ƙarfi biyu suka haɗu, kowanne gaɓarsa daban. Amma a maganar sauri, mutanen Meksiko da dama suna mayar da e ta koma i, sai kalmar ta fito cham-biar, kamar yadda pelear ke zama peliar. Shi ne abin da kike ji. Ki saba da shi a kunne, kada ki rubuta shi. Ki kuma kiyayi abin da harshen Bahaushe ya saba, wato cusa y ko hamza tsakanin wasula biyu. Babu chambeyar, babu chambe'ar. Murya zarcewa take yi daga e zuwa a ba tsayawa.

Gaɓar ƙarshe ake dannawa: cham-be-AR. Ba a ɗora mata alamar dannawa, wato ɗan karan da ake sawa a kan wasali kamar a ó, domin kalmar da ta ƙare da baƙin da ba n ko s ba, dama can a ƙarshe ake danna ta.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne lokacin da aikatau ɗin ya canza siga, domin dannawar tashi take yi ta koma wani wuri, ma'ana ta bi ta. Chambeo, cham-BE-o, "ina aiki". Chambeó, cham-be-Ó, "ya yi aiki" ko "ta yi aiki". Haruffan duk ɗaya ne, amma mai aikin ya canza, lokacin ma ya canza. Haka chambeé, cham-be-É, "na yi aiki": e biyu a jere, kowacce gaɓa ce, kuma ta biyun ke ɗaukar alama.