Shin Azumi Ne Ke Sa Jiki Ya Cinye Lalatattun Ƙwayoyinsa?

Tambaya: Likita, ni malamar makaranta ce a garin Gombe. An turo mini saƙo a WhatsApp cewa idan mutum ya yi awa 16 bai ci abinci ba, jikinsa zai fara cinye ƙwayoyin da suka lalace, har da na ciwon daji, kuma wai saboda wannan ne aka ba wani mutumin Japan kyautar Nobel. Yaya ƙwayar halitta take sanin lokacin fara wannan aiki?

Amsa: Malama, a cikin saƙon nan akwai gaskiya, amma an cakuɗa ta da ƙari mai yawa. Abin da ake magana a kai sunansa otofaji, kalmar Girkanci mai nufin cin kai, wadda masanin Beljiyam Christian de Duve ya raɗa a 1963. Yoshinori Ohsumi kuwa ya karɓi kyautar Nobel a 2016, sai dai bincikensa a kan yis ya yi shi, dangin wanda ake zubawa a kwaɓin burodi, inda a 1993 ya bayyana ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. Ba masu azumi ya gwada ba, kuma ba maganin daji ya gano ba.

Ki tuna da masu zubin tukunya, waɗanda ke sayen tsofaffin gwangwanaye a hannun 'yan jari bola, su narka su, su fitar da sabuwar tukunya. Ƙwayar halitta ma tana kewaye tsohon furotin da sassanta da suka gaji da wata jaka mai ruɓi biyu, ta kai jakar ga laisozom, wanda shi ne murhun narkarwa mai cike da asid, daga nan sai ta sake gini da abin da ya fito. Wannan aiki ba ya tsayawa ko da mutum ya ƙoshi. Ƙaruwa yake yi ko raguwa.

Manyan masu riƙe da linzaminsa furotin biyu ne. Na farko, mTOR, yana zama a bayan laisozom yana lura da yawan amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, yana kuma karɓar saƙon insulin. Idan abinci ya wadata, sai ya danne wani furotin mai suna ULK1, wanda shi ke ba da umarnin fara ɗinka jakar, ya kuma hana wani furotin mai suna TFEB shiga cibiyar ƙwayar don kada a ƙera ƙarin laisozom. Na biyu, AMPK, shi ne ma'aunin kuzari: da zarar makamashin ƙwayar ya yi ƙasa, saboda yunwa ko motsa jiki, sai ya sassauta mTOR ya kuma zaburar da ULK1 kai tsaye. A hanta, gulukagon, wani sinadarin jiki da ke ƙaruwa a jini lokacin yunwa, yana ƙara tura aikin gaba. Saboda haka ƙwayar ba agogo take dubawa ba, abin da ke cikin rumbunta take aunawa, kuma hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa ba sa amsawa da sauri ɗaya. Yawancin awoyin da ake yaɗawa daga gwajin ɓeraye aka aro su, alhali ɓeran da ya yini ya kwana bai ci ba ya shiga matsananciyar yunwa, ba kamar ɗan Adam ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi shi ne yadda ƙwayar ke zaɓen abin da za ta narka. Tana manna wa lalataccen sashe wata ƙaramar alama mai suna yubikwitin, sai furotin p62 ya gane alamar ya ɗaure kayan a cikin jakar. Idan maitokondiriya, wato injin wutar ƙwayar, ta lalace, wasu furotin biyu masu suna PINK1 da Parkin ne ke yi mata alama, kuma lahani a cikinsu yana haifar da wani nau'in cutar Fakinsin, mai sa karkarwar jiki, da ake gado. Da irin wannan hanya ce ƙwayoyin garkuwar jiki ke ƙoƙarin kama ƙwayar tarin fuka da ta ɓuya a cikinsu.

Batun daji ne nake so ki kula da shi sosai. Otofaji yana taimakawa wajen hana lafiyayyar ƙwaya rikiɗewa, amma idan ciwon dajin ya riga ya kafu, shi ma da wannan dabara yake rayuwa a inda jini da abinci ba sa isa gare shi. Shi ya sa masu bincike ke gwada toshe aikin a wasu cututtukan daji, ta amfani da kulorokwin da danginsa, maganin nan mai ɗaci na zazzaɓin cizon sauro da da yawa daga cikinmu suka sha ƙaiƙayinsa, domin yana rage asid ɗin laisozom. Gwaji ne da ake yi ƙarƙashin kulawar likitoci, kada kowa ya saya a kemis da wannan niyya.

Azumi ibada ce da ba ta jiran shaidar ɗakin gwaji, kuma ba na jin daɗin ganin ana jingina mata alƙawarin warkarwa da zai sa mara lafiya ya ajiye maganinsa. Idan a gidanku ko cikin abokan aikinki akwai mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko mai juna biyu, ko wanda ake yi wa jinyar daji, ki roƙe shi ya ga likitansa kafin ya tsawaita zama da yunwa saboda wannan saƙo.