Wasa biyar cikin kwana shida: da gaske ƙungiyar Sewanee ta yi haka a 1899?

Tambaya: Na ji ana cewa a zamanin da wata ƙaramar jami'a a Amurka ta buga wasan ƙwallon ƙafa irin nasu har sau biyar cikin kwana shida, kuma ta ci kowanne. Shin gaskiya ne, ko kuwa gishiri aka ƙara wa labarin?

Amsa: Malam, babu ƙarin gishiri a wannan labari. Ƙungiyar ita ce ta Jami'ar Kudu da ke Sewanee, wata makarantar cocin Episcopal a kan tsauni a jihar Tenesi, wadda ɗalibanta a lokacin ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. A kakar wasa ta 1899 ta buga wasa 12, ta ci dukkansu, ta tara maki 322, aka zura mata 10 kacal.

Kuɗi ne asalin tafiyar. A shekarar ba a yi wasan da suka saba yi da Jami'ar Vanderbilt ba saboda saɓani kan rabon kuɗin ƙofa, sai manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, wanda daga baya ya zama sanata, ya shirya musu zagaye a jirgin ƙasa na kimanin kilomita 4,000 domin cike giɓin. Ranar 9 ga Nuwamba suka doke Jami'ar Teksas da 12 da nema a Austin, washegari Teksas A&M da 10 a Houston, kashegari Tulane da 23 a New Orleans. Suka huta ranar Lahadi, sannan suka lallasa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) da 34 a Baton Rouge, suka rufe da Jami'ar Misisipi da 12 a Memphis ranar 14 ga wata. Maki 91 ke nan, ba tare da an ci su ko ɗaya ba.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wasan bai yi kama da na yau ba, ko da yake kada a ɗauka cewa ya fi sauƙi. Jefa ƙwallo gaba da hannu bai halatta ba sai a 1906, saboda haka ture da kokawa ne kusan dukkan wasan, 'yan wasa suna cure wuri guda suna danna abokan karawa taki bayan taki. 'Yan wasan da ke kai hari su ne kuma ke tsare gida, wanda aka fitar kuwa ba ya sake komawa fili, don haka da yawa suke daurewa da rauni har a tashi. Hular kariya ma ba dole ba ce.

A ganina akwai abin da masu yabon wannan ƙungiya kan tsallake, wato abokan karawarta duk sababbin shiga ne. Teksas da Tulane da LSU da Misisipi a 1893 suka fara wasan, Teksas A&M a 1894, ita kuwa Sewanee tun 1891. Inda ta haɗu da tsararta ta ji jiki: Auburn, ƙarƙashin mai horarwa John Heisman, ita kaɗai ta zura mata maki a kakar, Sewanee ta sha da ƙyar da 11 da 10, North Carolina ma da maki 5 kawai aka doke ta.

Da manyan jami'o'in jihohi suka bunƙasa da ɗalibai da dukiya, Sewanee ta kasa riƙe wannan matsayi. Tana cikin waɗanda suka kafa gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka a 1932, amma ta fice a 1940 ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a cikinta ba.